Wurin da Ejgil Ya Ƙi Faɗa

Bangon da ya raba kicin ɗina da na gidan Ejgil Bjerre siriri ne ƙwarai, don haka ban taɓa buƙatar kasa kunne ba. Maganarsu ce ke zuwa ta same ni. Ran nan da hantsi ina yanka burodi sai muryar matarsa Oda ta ratso.

"Ni na wanke takalmanka, Ejgil. Baƙar laka ce a jikinsu har wuya. A ina ka ga baƙar laka a kudu? Yashi ne zalla tun daga nan har bakin kogi."

"Yaushe kika zama mai binciken takalma?"

"Tun ranar da na auri maƙaryaci."

Na ji an ja kujera da ƙarfi. Ya ce abin da ya tsinta shi ya tsinta, ya kuma kai shi inda doka ta ce a kai, bai sayar wa wani Bajamushe mai yawon buɗe ido ba, to me kuma ake nema a wurinsa? Ta ce yarinyar gidan tarihi tana can kudu da mutanenta cikin wannan sanyi, suna tonon inda ya san babu komai, shi kuma ba kunya yana kai musu kofi. Ya tambaya ko kofin ma ya zama laifi. Sai ta sassauta murya, ta ce rediyo ya faɗi cewa wata iskar na tafe kafin wata ya ƙare.

"In ta zo, abin da ke can ya tafi ke nan. Ka faɗa musu inda yake, tsoho."

Amsar da ta samu ƙarar ƙofa ce.

Ejgil mutumin ƙauyenmu ne, a yammacin Jylland, inda babu abin da ya raba mu da teku sai tuddan yashi. A lokacin ya haura saba'in. Dogo ne, mai rankwafaffen wuya, kullum da shuɗiyar hular ulu irin ta masunta. Hular ce ta fi ba ni haushi. Sau ɗaya ya taɓa shiga jirgin kamun kifi yana saurayi, ya yi ta amai tun daga bakin tasha har suka dawo, mai jirgin ya ce wa ubansa ya nema masa aiki a inda ƙasa ba ta motsi. Aka sama masa kula da gidajen hutu da Jamusawa ke haya lokacin zafi: ya kunna musu ruwa, ya gyara makulli, ya kwashe shara in sun tafi. A nan ya tsufa. Amma in ka same shi a shagon burodi yana bayanin iska, hannu ɗaya a aljihu, ido a kanne, sai ka ɗauka shi ke ba teku izini kafin ta tashi.

Abu ɗaya ya iya, kuma ba zan hana shi ba. Ya iya tsintar ƙaron teku, wato ƙaron itatuwan dauri da ya daskare ya koma kamar dutse mai launin zuma. Ba kullum ruwa ke fito da shi ba. Sai iskar yamma ta yi kwanaki tana dukan gaɓa, ta gaji ta kwanta, ta juyo daga tudu, ruwan kuma ya yi sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Sannan ƙaron ke biyo baƙaƙen guntayen itace da ciyawar ruwa ya kwanta a jere. Ejgil na hango wannan jerin tun daga kan tudu. In ya ɗauki abu yana shakka, sai ya ƙwanƙwasa shi a haƙorin gaba, don dutse na ƙara, ƙaro kuwa ba ya yi. Haƙorin ya gutsure saboda haka, yana kuma nuna wa yara shi kamar raunin da ya samo a yaƙi.

Bai taɓa sayar da ko ƙwaya ba, bai kuma bayar ba. A tsofaffin kwalaben jam ɗin shafa wa burodi yake tarawa, ya jera su a rumfar bayan gida, ya kulle. Da 'yarsu za ta yi aure, Oda ta roƙe shi guda ɗaya a yi wa amarya abin wuya. Ya yi yini a rumfar yana zaɓe, ya fito da wani mai tsaga a tsakiya. 'Yar tana birnin Aarhus yanzu, tana zuwa da Kirsimeti, ta kwana ɗaya ta koma.

Akwai abin da kowa a nan ya sani tun yana ƙarami. Ba a tambayar mai tsinta inda ya samu, in kuma wani ya yi rashin kunyar tambaya, ba a faɗa masa gaskiya. Wanda ya samu a arewa zai ce kudu, wanda ya samu a kudu zai ce arewa. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya, kusan gaisuwa ce. Mai tambaya ya san ba a ba shi komai ba, mai amsa ya san an sani, a yi murmushi a rabu. Ejgil ne kaɗai ya cire murmushin ya mayar da abin ibada. Yakan jingine kekensa a hanyar kudu inda kowa zai gani, sannan ya bi bayan tuddai a ƙafa ya ɓulla arewa. Ya ce duk saboda Laurids yake yi, tsohon direban motar madara, wanda suke gasar tsinta tun suna 'yan makaranta. Oda ta taɓa ce min duk zamansu bai taɓa gaya mata inda yake nufa ba. In ya faɗi ya karye a can, in ji ta, sai dai tsuntsaye su kawo labari.

A farkon sanyin wannan shekarar aka yi wata iska da ta kwashe yashin gaɓa kamar an share da tsintsiya. Bayan ta lafa Ejgil ya fita kamar yadda ya saba, ya dawo da abin da bai taɓa shiga kwalbar jam ba. Ƙaro ne mai girman babban yatsa, amma hannun mutum ya taɓa shi. An sassaƙa shi siffar dabba mai gajerun ƙafafu da dogon baki, an zana masa layuka a baya, an huda shi don a rataya. Ya san me ya tsinta. Na ce ya sani domin sai da ya buga wa jaridar gari waya kafin ya sa rigarsa ta zuwa coci ya hau bas zuwa gidan tarihi.

Wadda ta karɓe shi a can Solvej ce, sabuwar ma'aikaciya daga babban birni København, mai binciken kayan mutanen da. Ta ce masa abin ya yi dubban shekaru, tun zamanin da inda tekun nan take yanzu daji ne da fadama, maharba na zaune a ciki. Sannan ta kai shi gaban taswirar da ke bango ta ce ya nuna mata inda ya same shi. Yatsansa ya sauka a kudu.

Ban ce ya shirya hakan tun daga gida ba. Yatsan ya saba. Da Laurids ne ya tambaya, da ya ga yatsan ya nufi kudu sai ya ɗaure takalmi ya yi arewa. Ita kuwa baƙuwa ce, ta ɗauka in dattijo mai rigar coci ya nuna wuri, wurin ke nan. Ta sa alama, ta yi masa godiya. Abin da ban yafe masa ba shi ne abin da ya biyo baya, domin ya sami makonni da zai iya gyarawa da magana ɗaya.

Aka sa dabbar a akwatin gilashi a tsakiyar babban ɗaki, da ƙaramin kati a ƙasa mai ɗauke da sunansa. Daga nan Ejgil ya fara yawan buƙatar ƙusa. Duk ranar kasuwa sai ya shiga gari sayen ƙusa, ya ɓuge a gidan tarihi, ya tsaya kusa da akwatin yana duban silin. In baƙo ya sunkuya yana karanta katin, sai ya yi gyaran murya. Mai sayar da tikiti ta ce har ta daina karɓar kuɗinsa, don ta fara ganinsa kamar ɗaya daga cikin kayan.

Solvej kuwa ta ɗauko ɗalibai biyu suka sauka kudu. Duk lokacin da ruwa ya janye suna can da shebur da rariya, iska na yanka musu fuska. Ejgil yakan je musu da fulas ɗin kofi da baƙin burodi, ya tsaya a kansu yana gyaɗa kai, ya ba su shawara su ƙara matsawa kudu kaɗan. Na gan shi da idona yana riƙe wa ɗalibar igiyar awo. Wannan kofin ne Oda ke magana a kai ranar da na ji su ta bango.

Bayan wannan faɗan, ta jira ya tafi sayen ƙusa, ta ɗauki makullin rumfa daga aljihun tsohon wandonsa. A bayan kwalabe ta sami gwangwanin kofi da aka naɗe da buhu. A ciki akwai siraran wuƙaƙen dutsen ƙyastu, da guntun ƙahon barewa mai huji, da wani ƙashi da aka fiƙe aka yi masa haƙora a gefe ɗaya, duk da baƙar laka a jikinsu. Ashe ya koma wurin ba sau ɗaya ba. Oda ta sa gwangwanin a jakar cefane ta hau bas na gaba.

Washegari da rana ta ƙwanƙwasa min bango sau biyu, alamarmu ce in tana so in shigo. Ta san Ejgil ya fi kama kansa in akwai baƙon ido. Na tarar da Solvej a teburin kicin, leɓunanta sun tsage saboda iskar kudu, gwangwanin na gabanta. Ejgil na zaune da hularsa a ka, cikin gidansa, yana kallon gwangwanin kamar bai taɓa ganinsa ba.

Solvej ba ta zage shi ba, da ni ce da na zage shi. Ta yi masa bayani a hankali, kamar tana tsoron ya fashe. Ta ce kayan nan ba ruwa ne ya kwaso su daga nesa ba, bakinsu da kaifi, ba su gogu ba. A inda aka ajiye su suke. Wato iskar farko ta yaye yashi daga kan mazaunin mutane, baƙar lakar nan kuma ita ta adana komai, har itace da ƙashi. Amma laka ce mai taushi, yanzu kuma ba abin da ya rufe ta sai ɗan yashin da iska ta watsa. Babbar igiyar ruwa ɗaya za ta farfasa ta. Ita Solvej, kwana kaɗan kawai take nema kafin iskar ta iso.

Ejgil ya ce ya riga ya nuna a taswira.

Ta ce ta fahimci al'adar, an yi mata bayani, ba ta riƙe shi da komai ba. Ba za a sa a jarida cewa ya canza magana ba, za a ce ita ce ta yi kuskuren alama. Za a kewaye wurin, ba mai tsinta da zai taka shi.

Ya ce kewaye ba ya hana Laurids.

Oda ta tashi ta buɗe ƙofar falo. Laurids ne zaune a ciki da sandarsa, ashe tun ɗazu ta ajiye shi can da kofi. Ya shigo yana ɗingishi ya tsaya a bakin kicin.

"Ejgil, dube ni da kyau. Gwiwar nan ko shagon burodi da ƙyar take kai ni. Ka faɗa wa yarinya. Na yi alkawari a gaban matarka, ba zan taka arewa ba sai sanyi ya wuce."

"Gwiwar nan ta bi bayana tun muna aji ɗaya."

"Ta bi ka ne don ta ga ko za ka sake yin amai."

Oda ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Ejgil ya yi ja har kunne. Solvej ta ga magana na neman ɓacewa, ta jawo ta da abin da take ganin zai fi jan hankalin mai tsinta. Ta ce ya yi tunanin abin da ke kwance a can. Inda aka sassaƙa dabba ɗaya an sassaƙa wasu. Wataƙila akwai gomiya, wataƙila akwai waɗanda suka fi wannan girma da kyau, har da inda mai sassaƙar ya zauna da kayan aikinsa. Za a cika ɗaki guda da su.

Ejgil ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙe, ya ce yana da gidan da zai duba wa famfo, ya fita. A watan da babu Bajamushe ko ɗaya a ƙauyen.

Solvej ta kwashe ɗalibanta ta koma arewa. Amma arewa ba wuri ba ce, tafiyar yini ce ta gaɓa iri ɗaya, tudu bayan tudu, lakar kuma tana bayyana ne kawai in ruwa ya janye sosai, na ɗan lokaci, ga wanda ya san inda zai tsaya. Suka yi ta soka ƙarfe a yashi. Mutanen ƙauye suka fita taya su, har da waɗanda ba su taɓa shiga gidan tarihi ba, wasu don tausayi, wasu don su ga an kunyata Ejgil. Laurids ya sa jikansa ya kai shi a mota, ya zauna a ciki yana nuna wuraren da yake zargi tun shekaru. Ba a sami komai ba.

Shi kuwa gogan ya daina fita gaba ɗaya, don kada a bi sawunsa. Ya zauna a bakin taga da rediyo a cinya yana bin rahoton yanayi. Ina jin muryar mai rahoton ta bango safe da yamma. Oda ta daina dafa masa abinci, ya koma cin busasshen kifi da burodi a tsaye. Ta ce za ta tafi Aarhus wurin 'yarta, ya ce ta duba lokacin jirgin ƙasa da kyau don an canza shi. Na yi ta juya abin a raina. Na san rowa, na san gasa tsakanin tsofaffi biyu da ba su da sauran abin yi. Amma Laurids ya riga ya ajiye makami a gaban shaidu, ƙaron da ake gasa a kai ma ba shi ake nema a wurin ba. Duk da haka na bar shi a kan Laurids, don ban sami wani dalilin ba.

Iskar ta iso da rana tsaka, daga arewa maso yamma, ta haɗu da cikar ruwa. Aka rufe hanyar bakin teku. Yashi ya riƙa dukan gilashin taga kamar ana watsa tsakuwa, kumfar teku na tsallake tuddai tana faɗowa a lambunan mutane. Rufin rumfar wani maƙwabcinmu ya tashi ya sauka a filin ƙwallo. Sai da ta kwana biyu sannan ta sassauta.

Da safen da ta lafa, Ejgil ya fito da kekensa. Bai nufi hanyar kudu ba. Ya bi tsakiyar ƙauye a hankali, ya wuce shagon burodi, ya miƙe arewa a gaban kowa. Mai shagon ya buga wa Solvej waya, ni kuma na ɗauki rigar ruwa na bi sahun mutane.

Mun same shi tsaye bayan tsohon ginin kankaren da sojoji suka bari tun lokacin yaƙin duniya, wurin da ɗaliban suka wuce har sau biyu. Teku ta gutsure tudun da ke wajen ta shigo ciki sosai. Gaɓar ta cika da dunƙulen baƙar laka, manya da ƙanana, ruwa ya mulmula su ya watsar har iya ganin ido. Nan da can guntun turke na leƙowa. Solvej ta durƙusa ta farfasa dunƙule bayan dunƙule da hannu. Ta sami wuƙar dutse ɗaya, ta juya ta, ta sa a leda. Daga baya ta miƙe ta ce wa ɗalibanta su tattara abin da za su iya, amma mazaunin ya tafi, ba sauran abin da ke inda aka bar shi. Ba ta dubi Ejgil ba. Shi kuma ya tsaya da hannu a aljihu yana gaya wa wani cewa tun shekaranjiya ya san iskar za ta juya arewa.

Na riga shi isowa gida. Jakar tafiyar Oda na ajiye a bayan ƙofarsu, ita kuma tana cikin gida tana neman safar hannu. Ya jingine keke, ya zauna a dakalin ƙofa yana cire takalma, baƙar laka na zuba. Na tsaya a tawa ƙofar. Ban yi niyyar yi masa magana ba, amma na ga fuskarsa a sake, kamar wanda ya gama biyan wata doguwar buƙata.

Na ce, "To, Laurids bai samu ba. Hankalinka ya kwanta?"

Ya ɗago ya dube ni kamar yana ƙoƙarin tuna wane ne Laurids. Ya buga takalmin a dakali, ya miƙe, ya kama hannun ƙofa.

"Ke ma kina wurin ai, kin ji abin da yarinyar ta ce. Da sun tona, ɗaki guda za su cika. Yanzu guda ɗaya ne, kuma sunana ne a ƙarƙashinsa."